Aikin da Muka Yi wa Wata 504 a Lyon

Yaya, bayan gaisuwa da fatan kana lafiya tare da iyali da yaran garaji, ina so in ba ka labarin wani aiki da ya riƙe mu mako biyu a nan Lyon, domin tun da muka fara shi kake faɗo mini a rai. Wani dattijo ne ya kawo mana Peugeot 504, irin wadda ta sha hanyar Damagaram zuwa Kano har ta gaji, sai dai tasa otomatik ce, bwat ɗinta, wato akwatin giya, na kamfanin ZF na Jamus ne, samfurin 3HP22 mai giya uku. A Faransa motar da ta kai shekara 30 ana iya yi mata takardar motar tarihi, kuma masu irinta suna lallaɓa ta kamar amarya.

Giyarta ce take zamewa, man da ya kamata ya zama ja kuma ya koma baƙi yana warin ƙuna. Maigidana ya nemi kayan ta intanet, kwana huɗu sai ga kwali ɗauke da sababbin faya-fayan kama giya, da zobban roba, da matatar mai. Na tuna yadda kake aikawa Ƙofar Ruwa a Kano, ka jira direban da zai biyo ta Matameye, ƙarshenta a kawo maka na hannu wanda bai fi naka lafiya ba. Amma hannu a nan wuta ne. A garajinmu awa guda Yuro 70 ce, wajen jika 46 na sefa ke nan, shi ya sa garaji da yawa ba sa buɗe bwat, sai dai su ce a sake wani.

Inda aikin ya fi wuya shi ne farantin da ke rarraba mai, wanda cikinsa hanyoyi ne birjik kamar lungunan unguwar Birni ta Damagaram, da ƴan ƙwallaye ƙanana kowanne da raminsa. Sai da muka ɗauki hotonsa kafin mu taɓa komai, duk da haka guda ya gangara ƙarƙashin tebur, muka yi ta rarrafe da fitila. Sababbin faya-fayan mun jiƙa su cikin man giyar kafin mu jera, mun auna tazararsu, kuma ko tsumma mai sakin zare ba a yarda ya kusanci wurin ba.

Ni dai a ganina ba ƙwarewa suka fi ku ba, domin na sha ganin ka gane ciwon mota da kunne kawai. Ɗaki mai ƙofa suka fi ku, alhali kai a gindin dogon yaro kake aiki, iskar hunturu tana zuba maka yashi, ƙwayar yashi ɗaya kuwa ta isa ta maƙale bawul. In an kawo maka irin wannan, ka shige da shi shago ka rufe, kuma kada ka bari a zuba masa man inji. Zan ba mai zuwa gida sifana mai auna ɗauri ya kawo maka kafin azumi.