Tsohon pit bull na shelta ko kwikwiyo daga masu kiwo?

Ɗan'uwa da ka tambaya daga Texas, ka ce ka ga kare jinsin pit bull ɗan shekara 7 a shelta, gidan da ake ajiye karnukan da ba su da masu su, kuma kana wasiwasi ko ka ɗauke shi ko ka sayi kwikwiyo wajen masu kiwo. Ni dai tsohon zan ce maka, ga dalili.

Hali shi ne babban bambancin. Kwikwiyo ba ka san me zai zama ba sai ya kai shekara 2 zuwa 3, lokacin ne wasunsu ke fara ƙin jinin sauran karnuka ko da sun taso lafiya lau, kuma wannan sananne ne a jinsin. Shi ko ɗan shekara 7 ya gama nuna kansa. Ma'aikatan sheltan za su iya gaya maka ko yana shiri da yara, da kyanwa, da sauran karnuka, in ma wani ya taɓa riƙonsa a gida kafin a samu mai ɗauka to ka nemi jin ta bakinsa, don halin kare a keji daban na gida daban. Ka tambaya ƙarara: ya taɓa cizo? Me ya kawo shi nan? Wahalar baya ba lallai ta ɓata kare ba, cikin waɗanda aka ƙwace a gidan faɗan karnukan Michael Vick, ɗan wasan ƙwallon Amurka, a 2007 da yawa sun ƙare a gidajen mutane, amma sai da aka tantance su ɗaya bayan ɗaya.

Wajen wahala kuwa kwikwiyo tamkar jariri ne, fitsari ko'ina, tauna takalma, tashi cikin dare. Tsohon yawanci ya iya zaman gida, a zagaya da shi safe da yamma ya dawo ya miƙe.

Kuɗi: na shelta ya fi sauƙi nesa ba kusa ba, galibi an yi masa rigakafi an fiɗiye shi an sa masa 'yar na'urar shaida a ƙarƙashin fata. Amma fa inda kwikwiyo ya fi shi ke nan, lafiya da tsawon kwana. Pit bull suna kai shekara 12 zuwa 14, ka ga ga tsohon rabi ya riga ya wuce, ga ciwon gaɓoɓi da haƙori da ƙaiƙayin fata da ke yawan damunsu, kuma tunda a Texas kake, kudancin ƙasar Amurka, lallai a gwada shi tsutsar zuciya da sauro ke yaɗawa. Ka ware kuɗin likitan dabbobi tun yanzu.

Akwai abin da bai ware tsoho da yaro ba. Masu gidajen haya da yawa da wasu kamfanonin inshora ba sa yarda da pit bull, ka duba takardar hayarka kafin ka sa rai, don mayar da tsohon kare shelta bayan ya saba da kai abin tausayi ne wallahi. In kuma da niyyar ƙaura, Ontario a Kanada ta hana su tun 2005, Ingila tun 1991.

Sannan in gadi kake nema irin yadda muka saba a gida, a ɗaure kare a tsakar gida a saki da dare, duk biyun ba su dace ba. Gashinsu gajere ne ba sa jure sanyi ko zafin rana, da yawansu kuma baƙo ma kaɗa masa jela suke. Cikin ɗaki zai zauna tare da ku, don haka ku yi maganar da uwargida tukuna. In ta amince, ka tambayi sheltan ko za su ba ka riƙonsa na 'yan makonni kafin ka sa hannu, kar a bar shi da yara ba babba a wurin, kuma ka ba shi kamar wata 3 kafin ya gama sakin jiki.