Tsohon babban kati ko sabon ƙarami: wane katin hoto ya dace da kwamfutarka?

Duk wanda ya taɓa aiki da GTX 1080 Ti na kamfanin Nvidia, katin hoto (wato sashen kwamfuta mai zana abin da ake gani a allo), a shekarar da ya fito, wato 2017, bai manta da shi ba. Kati ne mai ƙwaƙwalwar hoto gigabait 11, a lokacin da yawancin mutane ke lallaɓawa da abin da bai wuce 6 ba. Har gobe idan ka ɗora masa wasannin zamaninsa, gudu yake ba gargada, kuma a irin waɗannan wasanni yakan sha gaban RTX 3060 wanda ya zo bayansa da shekara huɗu. Abin da ke jefa mai haɗa kwamfuta da kuɗi ƙayyadaddu cikin tsaka mai wuya ke nan: ya ɗauki babban kati na hannu, ko ƙaramin kati sabo dal a kwali?

Ni a ganina ƙarfi ba shi ne ya fara kayar da tsohon kati ba. Abin da ke kayar da shi shi ne aikin da tun farko ba a ƙera shi ya iya ba. A 2018 Nvidia ta fito da jerin RTX 20, ta sa masa wani sashe na musamman mai bin diddigin haske, wato lissafin yadda haske ke faɗawa kan abu ya dawo, ya haifar da inuwa da ƙyalli. Abokiyar gasarta AMD ta bi sahu a 2020 da jerin RX 6000. Shekaru da dama wannan kwalliya ce kawai, in ka ga dama ka kunna, in ba ka so ka kashe. Yanzu labari ya sha bamban. Wasan Indiana Jones and the Great Circle na Disambar 2024, da Doom: The Dark Ages na Mayun 2025, sun shar'anta wannan sashe. Katin da ba shi da shi, ko nawa ne ƙarfinsa, wasan ba zai buɗe masa ba. Ga kuma DLSS, dabarar da ke zana hoto ƙarami sannan ta faɗaɗa shi ya fito tas, a samu ƙarin gudu: katunan GTX ba su da rabo a ciki, sai dai su dogara da makamantanta irin su FSR na AMD. Ƙari a kan haka, daga Oktoban 2025 Nvidia ta daina yi wa jerin GTX 10 sabbin direbobin wasanni, wato manhajar da ke sa kati ya yi aiki da wasa, saura gyaran tsaro kawai. Wannan ya fi damuna a kan komai, domin matsalar da sabon wasa ya zo da ita ba mai tsayawa ya gyara maka.

Sai batun wuta. GTX 1080 Ti yana shan wat 250, RTX 4060 na 2023 kuwa wat 115, alhali gudunsu bai yi nisa da juna ba. RX 580 na 2017 yana shan wat 185, shi kuwa RX 6600 na 2021 ya bar shi baya nesa da wat 132 kacal. Wutar da kati ya sha zafi take komawa, zafi kuma shi ke sa fanka ihu, ya tilasta maka sayen babban akwatin raba wuta.

Amma kada sabunta ta ruɗe ka, domin sababbin ƙananan katuna ma suna da tabonsu, kuma a ƙwaƙwalwa yake. RTX 3060 ya zo da gigabait 12. Magajinsa RTX 4060 ya fi shi sauri, amma aka ba shi 8, haka RTX 5060 na 2025, haka RX 7600. Ga yadda ƙarancin ke bayyana: kana cikin wasa lafiya lau, ka shiga wani sabon wuri, sai hoto ya ɗan cije, ya sake, ya sake cijewa, ka matsa kusa da bango ka tarar ya yi dishi-dishi kamar an goge shi da jiƙaƙƙen tsumma, sai bayan wasu daƙiƙu zanen tubalin ya fito. Lissafin matsakaicin gudu da ake nunawa a talla ba ya nuna maka wannan. Ga mai wasa a allo mai kaifin hoto 1080p wanda ba ya ƙure saiti, 8 za ta riƙe shi. Mai allon 1440p da ya fi kaifi, ko mai haɗa bidiyo, ko mai gwada manhajojin ƙirƙirarriyar basira a kwamfutarsa, ya nemi 12 zuwa sama. A nan Arc B580 na Intel, mai gigabait 12, ya cancanci dubawa, sai dai yana buƙatar Resizable BAR, saitin da ke bai wa kwamfuta damar isa ga dukan ƙwaƙwalwar kati a lokaci guda, wanda tsofaffin kwamfutoci da yawa ba su da shi, kuma in babu shi gudunsa raguwa yake sosai.

Tsohuwar kwamfuta na da wani tarkon. RTX 4060 da RX 6600 layi takwas na PCIe, wato ramin da ake soka kati a kwamfuta, suke amfani da su maimakon goma sha shida. A tsohon ramin PCIe 3.0 hanyar takan ƙuntata, musamman idan ƙwaƙwalwar katin ta cika. Mai yaɗa bidiyo kai tsaye kuma ya sani cewa naɗa a AV1, wani tsarin matse bidiyo, sai RTX 40, RX 7000 ko Arc zuwa sama.

Da ni ke saye yau, iyakata a kayan hannu ita ce RTX 30 ko RX 6000. Ba zan sauka ƙasa da haka ba sai in wasannina duk tsofaffi ne, ko marasa nauyi irin su Valorant, inda GTX 1060 ma ya wadatar. Wanda kuma yake da 1080 Ti a hannu, wasanninsa na tafiya, babu dalilin da zai sa ya rabu da shi.

In ka yanke shawarar na hannu, tuna cewa katuna masu yawa sun yi shekaru suna haƙar kirifto, wato kuɗin intanet, dare da rana kafin Ethereum, ɗaya daga cikin manyan kuɗaɗen, ta daina wannan tsari a Satumban 2022. Kada ka biya sai an kunna a gabanka. Kafin a kunna, juya fankokin da yatsa, ka ji ko akwai mai gurzawa ko mai lilo. Duba kan kusoshin baya, ko sun sha sukudireba. Buɗe GPU-Z, manhajar da ke nuna bayanan kati, ka tabbatar sunan da ke kwali shi ne na cikin katin, domin akwai RX 580 mai laƙabin 2048SP wanda a haƙiƙa ajin RX 570 ne. Sannan a bar wasa mai nauyi ya yi rabin awa kana kallon ma'aunin zafi. Idan ɗigo-ɗigo masu launi ko layuka suka fara yawo a allo, ko allon ya ɗauke ya dawo, mayar wa mai shi da kayansa.