Waterfall ko Scrum: Wanne Ya Fi Dacewa da Aikin Rukunin Ɗalibai?

A darasin injiniyancin manhaja, ɗalibai huɗu ko biyar kan haɗu su gina manhaja ɗaya cikin zango guda. Wace hanya za su bi?

Waterfall tsari ne na daki-daki: a tattara buƙatu, a zana fasali, a rubuta manhajar, sannan a gwada. Yana sauƙaƙa wa malami ba da maki, don kowane mataki da takardarsa. Illarsa ita ce gwaji sai ƙarshe. Ana saura mako ɗaya a miƙa aiki, ɗalibai su kwana suna haɗa sassansu, sai su tarar shafin shiga ya ƙi jituwa da rumbun bayanai, ga jarrabawa ta ƙarato.

Ni kam Scrum nake zaɓa musu. Reshe ne na Agile, wato salon gina manhaja kaɗan-kaɗan wanda aka fitar da sanarwar manufofinsa a 2001. Scrum yana yanka aiki gunduwa-gunduwa, galibi mako 2 kowane zagaye. Dole a nuna abin da ke aiki, ko da maɓalli ɗaya ne. Mai cin gumin wasu ma da wuri asirinsa ke tonuwa, in aka duba tarihin Git, manhajar da ke adana bayanin wa ya rubuta me. Gajeren taron kullum da Scrum ya tanada dai yakan gagari masu jadawali daban-daban. Sau biyu a mako ya wadatar.