Gargaɗi ga mutanen Maraɗi game da masu tallar na'urar wifi mai "intanet kyauta"

Ina rubuta wannan gargaɗi ne saboda abin da ya sami yayana a cikin makonnin nan, kuma saboda na tabbatar cewa ba shi kaɗai aka yi wa ba. Akwai wani mutum da ke tallar na'urar wifi ta gida a zaurukan WhatsApp da shafukan saye da sayarwa na Facebook a nan Maraɗi, yana cewa duk wanda ya sayi tasa ya rabu da biyan kuɗin wata, domin wai tana zuwa da intanet na shekara guda wanda ba ya ƙarewa. Ban kawo sunansa ko lambarsa ba saboda maganar ta riga ta je gaban hukuma, kuma yana yawan sauya suna da lamba. Salon damfararsa kuwa iri ɗaya ne, shi ne nake son kowa ya gane.

Yayana yana zaune a unguwar Ali Ɗan Sofo, kuma ƴaƴansa biyu suna karatu a Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo, saboda haka intanet a gidansa ya zama dole kamar ruwa da wuta. Kusan shekara biyu yana hayar na'ura a hannun wani mai raba intanet, yana biya duk wata. Da ya zauna ya yi lissafi, sai ya ga abin da ya biya na haya ya isa ya sayi tasa ta kansa har da saura. Wannan lissafi daidai ne, kuma ni ma da kaina na ba shi shawarar ya saya. Inda matsalar take shi ne kuɗin da mai haya yake biya kashi biyu ne a haɗe: akwai na na'urar, akwai na data. Sayen na'ura yana kawar da kashi na farko kawai, na biyun yana nan daram. A kan wannan ruɗani ɗan damfarar ya kafa tarkonsa.

Da suka yi magana ta waya, sai mutumin ya ce masa: "Alhaji, wannan 5G ce, daga waje aka kawo ta, ba ruwanka da forfe, wato sayen data, har shekara ta zagayo. Saura biyu kacal a hannuna, in ba ka tura kafin alƙalami yau ba, wani zai ɗauka." Farashin jaka 45 na kuɗin sefa. Yaya ya tura jaka 20 ta wajen masu aika kuɗi, washegari kuma ɗan kabu-kabu ya kawo kwali har ƙofar gida ya karɓi cikon jaka 25. An jona na'urar, fitilunta sun kama, intanet ya zo da ƙarfinsa, yara suka yi murna. A ranar Yaya ya mayar da ta haya ga mai ita. Bayan kwana 9 komai ya tsaya cak. Da aka kira mutumin, sai ya ce ana bukatar jaka 10 domin a "sabunta" ta daga can kamfani. Da Yaya ya ce a fara dawo da aikin tukuna, sai aka toshe lambarsa.

Ni aka kira na duba, kuma abin da na gani ya ɓata mini rai ƙwarai. A cikin ramin da ke bayan na'urar akwai katin sim na gida wanda aka saka masa data ta ɗan lokaci. Wannan data ce gidan ya sha har ta ƙare, ita ce duk "shekara guda" ɗin da aka yi alkawari. Ya kamata kowa ya riƙe wannan magana: na'urar wifi ba ta ƙirƙirar intanet, rarraba shi kawai take yi. Dole ne ya shigo mata daga wani wuri, ko ta layin sim na ɗaya daga cikin kamfanoninmu, wato Airtel, Moov Africa, Zamani Telecom da Niger Telecoms, ko ta waya da aka ja har gida, ko ta tauraron ɗan adam, kuma duk waɗannan hanyoyi biya ake yi. Na'urar tamkar famfo ce a tsakar gida. Sayen kan famfo mai tsada ba ya hana takardar kuɗin ruwa zuwa. Duk wanda ya ce zai sayar maka da ita da intanet na har abada, ko na shekara a kan kuɗin da bai kai na wata biyu ko uku ba, ƙarya yake yi, komai yawan rantsuwarsa.

Da a nan asarar ta tsaya, da sauƙi, domin sai mu sa layinmu mu ci gaba da sayen data. Amma da na cire katin na saka na wani kamfani, na'urar ta ƙi karɓa. Na shiga shafin sarrafa ta, wanda ake buɗewa idan aka rubuta lambobin da ke jikin takardar bayanta a cikin burauza, irin su 192.168.0.1 ko 192.168.8.1, sai na tarar da tambarin wani kamfanin sadarwa na Najeriya, da alamun cewa an taɓa kwance manhajarta an yi mata buɗewar rabi da rabi. Kamfanonin sadarwa sukan sayar da irin waɗannan na'urori da araha bayan sun kulle su a kan layinsu, kuma kullen yana duba lambar ƙasa da ta kamfani da ke cikin katin sim. Lambar Nijar a wannan tsari 614 ce, ta Najeriya kuwa 621. Shi ya sa ko da kamfanin sunansa ɗaya a ƙasashen biyu, na'urar da aka kulle a Katsina ko Kano ba lallai ta karɓi layin Maraɗi ba. Mu da muke kusa da iyaka, kaya suna shigo mana ta Jibiya da Ɗan Isa kullum, kuma mafi yawansu kayan kirki ne na ƴan kasuwa masu amana, amma wannan kusanci ne ɗan damfara yake fakewa da shi ya shigo da tsofaffin na'urori, ya goge su, ya sa su cikin sabon kwali. Na ƙara tabbatar da haka da na gwada lambar IMEI, mai alƙaluma 15, wadda kowace na'ura mai amfani da sim take da tata: wadda ke jikin kwalin daban, wadda ke cikin shafin na'urar daban.

Maganar 5G ma yaudara ce da ta cancanci a yi mata bayani, domin ko masu ilimi tana ruɗa su. Wifi na gida yana aiki a kan zango biyu, 2.4 GHz da 5 GHz, kuma na'urori da yawa suna rubuta "5G" a ƙarshen sunan wifi ɗin na biyu. Wannan ba shi da alaƙa da 5G na kamfanonin waya. Mai talla zai nuna maka wayarsa ka ga "5G" a rubuce, alhali na'urar 4G ce. Haka kuma lambar 300 Mbps da ake bugawa da manyan haruffa a kan kwali, saurin da ke tsakanin na'urar da wayarka ne a cikin ɗaki. Saurin intanet da za ka samu ya dogara da ƙarfin rezo, wato siginar kamfanin waya, a unguwarku da kuma yawan masu amfani da shi a lokacin, kuma ƙananan na'urorin 4G da suka fi yawa a kasuwa iyakarsu 150 Mbps ce, ita ma a kan takarda.

Bayan na ba da labarin a masallacin unguwa, sai wani maƙwabci ya ce shi ma an yi wa ƙanwarsa, sai dai tata ta fi muni. An kawo mata na'ura mai eriya biyu, sabuwa ful a leda, amma ba ta da ramin sim ko kaɗan. Irin wadda ake jona wa wayar intanet ce ta baya, kuma gidan da babu wannan waya ba abin da za ta yi masa sai kunna fitila. Na'urar ba jabu ba ce, a wurin da ya dace tana aikinta lafiya, amma an sayar mata da ita a kan ƙarya, kuma da kuɗin adashinta ta biya.

Ga wanda yake son ya bar haya ya sayi tasa, ban ce ya fasa ba. Ya je shago mai ƙofa da adireshi, ko ofishin kamfanin sadarwar da zai yi amfani da layinsa, inda zai iya komawa gobe idan wani abu ya faru. Ya tafi da layinsa na kansa, in da hali layuka biyu na kamfanoni daban-daban, a saka su ɗaya bayan ɗaya a gabansa ya ga intanet ya zo kafin ya fitar da ko dala. Idan mai kaya ya ce sai da layin da ke ciki za a gwada, to a nan cinikin ya ƙare. Ya kwatanta lambar IMEI ta kwali da ta jikin na'ura da ta cikin shafinta, ya karɓi takardar shaidar saye mai ɗauke da wannan lamba, a kuma rubuta masa kwanakin da zai iya dawo da ita. Wannan sharaɗi na ƙarshe yana da muhimmanci, domin rezon da ke Babbar Kasuwa ba shi ne na cikin ɗakinka a unguwar Zariya ko Bagalam ba, kuma sai an kai na'ura gida ake sanin gaskiyarta. Kada kuma a mayar da ta haya sai sabuwar ta yi aƙalla mako biyu tana aiki da layin mai gida. Wanda aka yi wa tayin ta hannu, ya tambayi asalinta da kyau, domin wasu na haya ne da aka gudu da su, kuma mai ita yana da haƙƙin karɓe kayansa duk inda ya gan su.

Abin da ya fi damuna a duk wannan al'amari shi ne katin sim ɗin da muka tarar a ciki. A ƙasarmu ana rajistar kowane layi da takardar shaidar mai shi, saboda haka wannan kati yana ɗauke da sunan wani mutum da ba mu sani ba, kuma ba mu san abin da aka aikata da shi kafin ya shigo gidan Yaya ba. Ga kuma kalmar sirrin shafin na'urar, wadda mai sayarwa ne ya saka ta. Kwana 9 yara suna shiga asusunsu na makaranta, uwargida tana aika saƙonni, duk ta cikin na'urar da baƙo ya tsara yadda ya ga dama. Na sa kowa a gidan ya sauya kalmomin sirrinsa a daren.

Duk wanda ya riga ya faɗa hannun wannan mutum, ya kashe na'urar, ya cire katin ya adana shi, kada ya jefar. Ya ɗauki hoton tallar da saƙonnin da suka yi kafin a goge su, ya haɗa da takardar aika kuɗin, domin tana ɗauke da sunan wanda ya karɓa da ranar da aka karɓa, ya kai ofishin ƴan sanda mafi kusa. Kada ya tura ko sisi da sunan sabuntawa. Yaya ya kai nasa takardun ranar Litinin da ta wuce, ƙanwar maƙwabcinmu ma ta kai nata, kuma jami'in da ya karɓe su ya ce duk wanda ke da irin wannan ƙorafi ya zo da shaidarsa a haɗa su wuri ɗaya.