CSV ko madannin makro? Ni dai ga abin da na gani a Aboabo

Alhaji, tambayarka kan mayar da lissafin Excel cikin rumbun bayanan tsara oda, ko ka sayi madannin makro (ƙaramin shirin da ke gudana cikin Excel) da ke rubutawa cikin rumbun kai tsaye ko ka bi ta CSV (fayil na rubutu zalla, waƙafi ke raba bayanansa): bi ta CSV.

Ina riƙe wa wani dilan shinkafa da sukari lissafi a Aboabo, rumbun bayananmu a kan manhajar MySQL yake. Idan na gama lissafin odar wata, sai in fitar da shi a CSV, in zuba a wani teburi na daban a cikin rumbun, wanda muke kira teburin jira. Ba ya shiga babban teburi sai an gwada shi da na watan jiya. Gab da azumin bara na ja fomula ta zarce layi ɗaya, sukarin da ya kamata ya zama buhu 40 ya koma 400. Yaron shago ne ya tsaya a bayana, kofin koko a hannu, ya sa yatsa a allon kwamfuta ya ce, "Yaya, wannan sukarin na Asawase gaba ɗaya ne?" Muka goge teburin jira, na gyara, na sake zubawa. Minti goma, babu abin da ya taɓa ainihin tsarin. Wallahi har yau ina sa wa yaron nan albarka.

Sai dai ka kula da halin CSV. Shafi ɗaya kawai yake ɗauka, kuma sakamako yake kwashewa, ba fomula ba. Abin da ido ke gani a gurbi shi zai tafi, in ka ɓoye pesewa, wato ƙananan kuɗin da ke bayan ɗigo, to ta ɓace ke nan. Wajen adanawa zaɓi nau'in CSV UTF-8, in ba haka ba ƙ da ɗ na sunayen kwastomomi za su lalace. Kada kuma ka sake buɗe fayil ɗin da Excel ka adana, zai cinye sifirin farkon lambar waya, 024 ta koma 24. Power Query kuwa, wani kayan aiki na cikin Excel, jawo bayanai aikinsa, ba mayarwa rumbu ba.

Makron VBA, harshen da ake rubuta makron Excel da shi, yana aiki, ban hana ba. Na taɓa saya, dumsor, wato ɗaukewar wuta, ya same shi a tsakiyar rubutu ya bar mini rabin oda sabuwa rabi tsohuwa, kuma Ctrl+Z mai soke kuskure a Excel ba ya kaiwa rumbu.

Ba ka tambaya ba, amma ka yi hattara da masu yawo da filashi suna sayar da Office na sata haɗe da "madannin sihiri". Za su nemi kalmar sirrin rumbunka su dasa ta cikin fayil ɗin da kowa ke turawa a WhatsApp, su kulle makron yadda ba mai iya gyarawa sai su. Wanda ya sayar mini, ranar da abin ya lalace wayarsa a kashe take.

Sa mai kula da rumbunku ya buɗe maka teburin jira a wannan makon, ka fara gwadawa da odar watan da ya wuce.