Shekara Guda da Mujallar Changbi da Littattafanta

Shekara uku na yi ina karatu a birnin Seoul na Koriya ta Kudu, amma sai a cikin ta biyu harshen ƙasar ya fara zama mini a baki, har na kai ga karanta jarida ba tare da na buɗe ƙamus a kowane layi ba. A lokacin ne malamar da ke koyar da mu ta ce in ajiye littattafan 'yan koyo, in kama abin da mutanen ƙasar suke karantawa da kansu. Da na ce mata, "Malama, daga ina zan fara?" sai ta zaro wani ɗan littafi daga jakarta, ta ɗora yatsa a kan sunan maɗaba'ar da ke ƙasan bangonsa, wato Changbi. Daga ranar zuwa yau na sayi littattafan wannan gida goma sha ɗaya, na kuma biya kuɗin mujallarsu na shekarar 2024 baki ɗaya, don haka abin da zan faɗa a nan na wanda ya kashe kuɗinsa da lokacinsa ne.

Abin da na fara fahimta shi ne mujallar ce uwa, littattafan kuma 'ya'yanta ne. Cikakken sunanta Changjak-gwa Bipyeong, ma'ana ƙirƙira da nazari, kuma gaɓoɓin farko na kalmomin biyu aka haɗa aka sami Changbi. A watan Janairun 1966 wani matashin malamin adabin Turanci a Jami'ar Ƙasa ta Seoul mai suna Paik Nak-chung ya kafa ta, bai ma cika shekara talatin ba. Sai a 1974 aka buɗe ɓangaren buga littattafai. Mujallar tana fitowa sau huɗu a shekara, bazara da damina da kaka da hunturu, kuma duk wanda ya ji an ce mujalla ya ɗauka wata 'yar siririyar aba ce da ake naɗewa a sa a aljihu, to zai sha mamaki. Ranar da fitowar farko ta iso mini na zaci an yi kuskure an aiko mini da ƙamus, saboda kaurinta. Babu hotuna masu launi a ciki, rubutu ne zalla a kan takarda mai taushin launi wadda ba ta gajiyar da ido, kuma ɗinkin yana da ƙarfi, domin na yi wata uku ina yawo da ita a jaka cikin jirgin ƙarƙashin ƙasa amma ko shafi ɗaya bai ɓalle ba.

Tsarinta kusan iri ɗaya ne a kowace fitowa. Ana buɗewa da jawabin editoci a kan halin da ƙasa take ciki, sai wani babban batu guda da marubuta da dama za su taru a kansa, sai sababbin waƙoƙi da gajerun labarai, sai tattaunawar masana da aka rubuta kamar yadda aka yi ta, sannan a ƙarshe gajerun sharhuna a kan littattafan da suka fito. Waɗannan gajerun sharhuna su ne ƙofar da na shiga ta cikinta, domin kowanne bai wuce 'yan shafuka ba, kuma sun koya mini yadda mai ilimi a Koriya yake yabon littafi ko ya kushe shi cikin ladabi. Dogayen maƙalun kuwa sun fi ƙarfina da farko. Cike suke da kalmomin da asalinsu na Sinanci ne, irin waɗanda ba a jin su a kasuwa ko a aji, kuma akwai maƙalar da na yi kwana tara a kanta. Wanda bai yi nisa a harshen ba ya san da haka kafin ya biya kuɗin shekara, domin ba don 'yan koyo aka yi ta ba, kuma ba ta sassauta wa kowa.

Akwai kalma guda da na yi ta cin karo da ita har na haddace ta, wato bundan cheje, tsarin rabuwa. Paik ne ya yaɗa wannan tunani, kuma abin da yake nufi shi ne rabuwar Koriya gida biyu, wadda yaƙin 1950 zuwa 1953 ya ƙara tabbatarwa, ta wuce batun iyaka da sojoji, ta zama wani tsari da masu mulki a ɓangarorin biyu suke cin gajiyarsa, wanda kuma yake shiga har cikin rayuwar talaka. Da wannan ido mujallar take duban adabi. A wurinsu marubuci ɗan ƙasa ne da ke da alhaki a kan abin da ke faruwa da manomi da ma'aikacin masana'anta, kuma wannan ra'ayi ne suka daɗe suna kira minjok munhak, adabin al'umma. Ban yarda da su a kowane wuri ba. Wani lokaci nakan ji kamar an ɗora wa ƙaramar waƙa kayan da suka fi ƙarfin wuyanta, an nemi ta yi bayanin tarihin ƙasa alhali ita zancen mahaifiya kawai take yi. Akwai ma wata mujallar da aka kafa a 1970, Munhak-gwa Jiseong, wadda ta fi karkata ga fasahar rubutu ita kanta, kuma an daɗe ana ɗaukar gidajen biyu a matsayin kishiyoyin juna. Duk da haka, da na san abin da mutanen Changbi suka biya a kan ra'ayin nasu, sai na daina yi masa kallon kwalliyar baki.

A 1974 gwamnatin Park Chung-hee ta kori Paik daga aikinsa na jami'a. A 1977 an gurfanar da shi a kotu saboda wani littafi a kan ƙasar Sin da gidan ya buga, shi kuma ɗan jaridar da ya haɗa littafin, Lee Young-hee, aka ɗaure shi. A 1978 mujallar ta buga labarin Hyun Ki-young mai suna Suni Samchon, wanda ya taɓo kisan dubban fararen hula da aka yi a tsibirin Jeju tun daga 1948, batun da a wancan zamani ko a cikin gida ba a ɗaga murya a kansa, kuma marubucin ya sha azaba a hannun jami'an tsaro saboda shi. A 1980, bayan Chun Doo-hwan ya ƙwace mulki, aka rufe mujallar da ƙarfin gwamnati, ita da kishiyar tata duka. Da suka sake fitar da ita a 1985 a siffar littafi, suka kuma sa mata lamba ta 57 don nuna cewa ci gaban ta da ce, sai hukuma ta soke rajistar kamfanin gaba ɗaya. Sai a 1988, bayan zanga-zangar neman dimokuraɗiyya ta 1987, mujallar ta dawo. Ta kai fitowa ta 200 a 2023. Duk lokacin da na kalli lambar da ke gefen bangon tawa, nakan tuna cewa akwai giɓin shekara takwas a cikin wannan lissafi.

Littafin da malamata ta nuna mini shi ne Amondeu na Sohn Won-pyung, wanda ya fito a 2017 bayan ya ci gasar adabin matasa ta gidan. Labarin wani yaro ne da aka haifa ba ya iya jin tsoro ko fushi kamar sauran mutane, kuma da yake shi ne mai ba da labarin, jimlolin gajeru ne, babu ado, babi-babin ma ƙanana ne. Shi ne littafin Koriyanci na farko da na karanta daga bango zuwa bango, kuma har yanzu shi nake ba duk wanda ya tambaye ni shawara. Daga nan na koma ga jerin littattafansu na yara, wanda suka fara tun 1977, na sayi Mongsil Eonni, wato Yaya Mongsil, na Kwon Jeong-saeng, wanda ya fito a 1984. Yarinya ce mai ɗingishi da ta goyi ƙanwarta ta raine ta a tsakiyar yaƙi da yunwa. Marubucin mai kaɗa ƙararrawar coci ne a wani ƙauye kusa da Andong, ya rayu cikin talauci da ciwo, da ya rasu a 2007 kuma ya bar wasiyyar a kashe kuɗin littattafansa a kan yara. Abin da ya taɓa ni shi ne littafin bai raina hankalin yaro ba. Ya nuna masa mutuwa da maraici, ya kuma nuna masa cewa a cikin sojojin da ake kira abokan gaba akwai masu tausayi, a daidai lokacin da faɗin haka zai iya jawo wa mutum fitina. A nan na gane cewa manufar da ke cikin maƙalun nan masu wuya ita ce dai aka sauko da ita daidai tsawon ɗan firamare.

Jerin waƙoƙinsu ma abin mallaka ne. Ƙananan littattafai ne marasa nauyi masu lamba a gefe, na farkonsu Nongmu, Rawar Manoma, na Shin Kyung-rim, wanda suka buga a 1975. Waƙoƙin ƙauye ne, na ranar kasuwa da bashin taki da fushin manomin da aikinsa bai biya shi ba, cikin kalmomin da manomin da kansa zai gane. Mawaƙin ya rasu a watan Mayun 2024, ina tsakiyar karanta shi.

Wani ɗan abu da ya ruɗa ni da farko shi ne yadda gidan yake rubuta sunayen ƙasashen waje. Koriyanci yana da baƙaƙe masu tauri da ake rubutawa ta hanyar ninka harafi, kuma ƙa'idar rubutu ta hukuma ba ta cika amfani da su a kalmomin aro ba. Changbi kuwa tana amfani da su a sunayen Faransanci da Rashanci da makamantansu, domin tana ganin sun fi kusa da yadda masu harshen suke furtawa. Saboda haka babban birnin Faransa, wanda kowa yake rubutawa Pari, a littattafansu Ppari ne. Sau biyu ina neman irin wannan suna a ƙamus ban samu ba kafin na gane dalili. Wasu abokaina 'yan ƙasar suna ganin taurin kai ne, ni kuwa ban ga laifinsa ba, wataƙila don na fito daga harshen da bambancin k da ƙ yake raba ma'anar kalma da kalma, na kuma san yadda rubutu yake lalacewa idan aka yi sakaci da irin wannan.

A 2003 ne kamfanin ya taƙaita sunansa zuwa Changbi a hukumance, ya kuma koma Paju, garin da ke arewa da Seoul inda aka keɓe unguwa guda ta maɗaba'u da ɗakunan ajiyar littattafai. Na je can wata ranar Asabar a motar bas. Hanyar tana bin gefen kogi, kuma a wani yanki waya mai ƙaya da ɗakunan gadin sojoji ne suka raba titi da ruwa, domin iyakar Koriya ta Arewa ba ta da nisa. A cikin motar nan ne kalmar tsarin rabuwa ta tashi daga takarda ta zama abin da nake gani ta taga.

Littafin da ya fi kowanne nauyi a cikin goma sha ɗayan shi ne Sonyeoni Onda, Yaron Yana Zuwa, na Han Kang, wanda Changbi ta buga a 2014. A kan kisan da sojoji suka yi a birnin Gwangju ne a watan Mayun 1980, shekarar da aka rufe mujallar. Na saye shi tun kafin ranar 10 ga Oktoban 2024 da aka sanar cewa marubuciyar ta ci kyautar Nobel ta adabi, kuma na yi sa'a, domin washegari kantunan littattafai da yawa sun wayi gari babu ko kwafi ɗaya, injinan buga littattafai kuma suka yi ta aiki dare da rana. Harshensa bai kai na maƙalun mujallar wuya ba, amma ban iya karanta fiye da shafi goma a zama ɗaya ba, saboda abin da ke ciki. Akwai babi guda a kan wata ma'aikaciyar maɗaba'a da ke kai rubutu ofishin tacewa, a dawo mata da shi an shafe layuka da baƙin tawada. Da yake na riga na san tarihin gidan da ya buga littafin, ban karanta wannan babi a matsayin ƙagaggen labari ba.

Ban kai ga gama shi ba sai ga daren 3 ga Disamban 2024, lokacin da Yoon Suk Yeol, shugaban ƙasar na wancan lokaci, ya ayyana dokar soja. Ina zaune a ɗakina, littafin yana kan tebur da takardar alama a tsakiyarsa, na karanta sanarwar rundunar soja a waya, a ciki har da sakin layin da ya ce dukkan kafofin yaɗa labarai da harkar ɗab'i sun koma ƙarƙashin ikonta. Kalmar ɗab'i ɗin, chulpan, a bangon littattafan nan na koye ta. 'Yan majalisa sun tsallaka katanga sun kaɗa ƙuri'a, kafin gari ya waye aka janye dokar, kuma a kwanakin da suka biyo baya na ga matasa da yawa a jirgin ƙasa riƙe da littafin nan mai duhun bango. Fitowar hunturu, wadda ita ce ta ƙarshe a kuɗin da na biya, ta riga ta iso mini tana nan a cikin ledarta. A makon na buɗe ta, na fara daga jawabin editoci maimakon gajerun sharhunan da na saba farawa da su, sannan na sabunta kuɗin wata shekarar.