Sharhi Kan Wata Makarantar Koyon Kiɗa a Samaru, Zariya

A Samaru, ba nisa da Jami'ar Ahmadu Bello, akwai wata ƙaramar makaranta mai zaman kanta da ke koyar da kiɗa da yamma da kuma ranar Asabar. Mafi yawan ɗalibanta 'yan jami'a ne masu karanta wasu fannoni dabam, kamar likitanci da shari'a. Ɗan ƙanwata da ke karatun lissafi yana cikinsu, kuma da yake ni nake biyan kuɗin makarantarsa, nakan je in zauna a bayan aji in ga abin da ake koya masa.

Abin da ya fi gamsar da ni shi ne yadda aka ɗauki kiɗa a matsayin ilimi mai alaƙa da sauran ilmummuka. Mai makarantar ya ce ya yi koyi ne da kwalejojin Amurka masu ba da ilimi mai faɗi, inda ɗalibi ke shekara 4 yana haɗa kiɗa da tarihi da falsafa da kimiyya, ba tare da an wajabta masa ya mayar da kiɗan sana'a ba. Kwalejin Oberlin da ke jihar Ohio, wadda makarantar kiɗanta ta fara a 1865, har dama take ba ɗalibi ya yi shekara 5 ya fita da digiri biyu. A nan gida kuwa, sassan kiɗa na jami'o'i sun fi yawa a kudu, irin sashen kiɗa na Jami'ar Najeriya ta Nsukka da aka buɗe a 1961, don haka samun wuri irin wannan a Zariya ba ƙaramin abu ba ne.

Ana koyar da fiyano da jita, da karanta rubutun kiɗa a kan layukansa biyar, da horar da kunne. Na ga malamin ya danne tsirkiyar jita daidai tsakiyarta, ya nuna cewa rabin tsawonta yana ba da sauti iri ɗaya da na farko amma a sama, sannan ya sa ɗalibai su lissafa abin da zai fito idan aka danne kashi ɗaya cikin uku. Yaron namu da ke ganin lissafi a takarda kawai, ranar ya ji shi da kunnensa.

Darasin da ya fi kowane armashi shi ne na kalangu. Wani dattijo daga cikin birni yake zuwa ranar Asabar, ya saƙale kalangun a hammata, yana matse igiyoyin yana sassautawa, sautin yana hawa yana sauka daidai da karin harshen Hausa, har ya kaɗa sunan ɗalibi ya ce mai sunan ya amsa. Da yaron namu ya karɓi gula ya fara bugu da garaje, sai dattijon ya riƙe masa hannu ya ce, "Ɗana, saurara tukuna, ba ka ji inda maganar ta sauka ba." Shi kuma ya ce, "To Baba, a sake mini."

A nan ne kuma babban ƙorafina yake. Wannan darasi sau ɗaya ake yin sa a mako, ba ya cikin jarrabawa, kuma babu goge, babu garaya, babu algaita, alhali muna garin da makaɗan fada ke busa kakaki suna buga tambari a ƙofar Sarkin Zazzau. Makarantar da ke cewa tana son ɗalibi ya san tarihi ta hanyar kiɗa bai kamata ta bar tarihin da ke ƙofar gidanta a matsayin ƙari ba. Na faɗa wa mai makarantar haka, ya karɓi maganar da mutunci, ya ce rashin kuɗin ɗaukar malamai ne ya hana.

Kayan aiki ma sun yi kaɗan. Fiyanon duk na lantarki ne, saboda haka idan aka ɗauke wuta kuma babu mai a janareta, sai darasi ya koma kan allo, ga ƙarar babura daga titi. Sai dai ana tsayawa idan lokacin salla ya yi, malamai suna zuwa a kan kari, kuma ana karɓar kuɗi kashi-kashi.

Takardar da suke bayarwa ba digiri ba ce, kuma ba su ɓoye hakan. Mai son shaidar da aka sani a waje suna shirya shi ne don jarrabawa mai matakai daga 1 zuwa 8 ta ABRSM, wato hukumar jarrabawar kiɗa ta Ingila, ko ta MUSON, wato ƙungiyar kiɗa ta Najeriya da ke Legas. Ɗalibin jami'a da ke son ya fahimci kiɗa yana ci gaba da karatunsa zai amfana ƙwarai, amma wanda burinsa ƙwarewa a kiɗan gargajiya sai ya haɗa da zuwa gidan makaɗa a cikin birni. Ni dai na sake biya wa yaron zango mai zuwa, tare da roƙon a ƙara wa dattijon nan rana ta biyu a mako.